Wa ke ciyar da ƙ da ɗ a cikin kwamfuta? Tallafin shekara-shekara ga buɗaɗɗun rumbunan manhaja, da misali daga Dantchiao

Tsakure

Wannan maƙala tana bayani ne a kan wasu ƙananan manhajoji da rubutun Hausa ya dogara da su a kwamfuta da wayar salula, da kuma ƙungiyoyi marasa neman riba da ke ɗaukar nauyinsu kowace shekara. Mun nuna aikin da suke yi wa harshen, da hanyar da kuɗin kula da su ke bi, da inda tsarin yake da rauni. Daga ƙarshe mun kawo shawarwari ga sassan nazarin harshe na ƙasarmu.

0. Gabatarwa

Dantchiao ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Magariya, cikin jahar Damagaram, daf da iyakar jahar Jigawa ta Nijeriya. Tana maƙwabtaka da yankin Dungas, wanda aka cire daga Magariya aka mayar da shi gunduma a 2011. Mun zaɓe ta ne saboda a irin wannan wuri rubutun Hausa iri uku suke haɗuwa: bokon Nijar na makaranta da ajin yaƙi da jahilci, bokon Nijeriya na littattafan da ke shigowa daga Kano, sai ajamin makarantun allo da na wasiƙun ƴan kasuwa.

Bari mu ɗauki malamin da ke son shirya wa ɗalibansa takardar karatu. Zai buga ta a wayarsa, ya aika wa mai buga takardu a Magariya, a fitar masa da ita. In ƙugiyar haruffa ta ɓace a hanya, ga abin da zai faru:

(1) a. ƙafa / kafa
b. baƙi / baki
c. faɗa / fada
d. ɓata / bata

Babba mai karatu zai gane abin da ake nufi daga sauran jimla. Yaron da ke ajin farko kuwa ba shi da wannan gata, domin bambancin da ke tsakanin waɗannan tagwayen kalmomi shi ne darasin da ake koya masa. Tun daga makarantar gwaji ta farko da aka buɗe da Hausa a Damagaram a 1973, har zuwa kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, an tattauna batun malamai da littattafai sosai. Amma batun kayan da ke sa harafin ya fito daidai a na'ura, da wanda ke biyan kuɗin kula da su, bai samu kulawar masana harshe yadda ya kamata ba. Shi ne muke son mu duba a nan.

1. Ma'anar kalmomi

Abin da Faransanci ke kira bibliothèque logicielle ba ɗakin karatu ba ne, don haka fassara shi da “laburare” ɓatar da mai karatu ne. Tarin umarni ne da aka rubuta sau ɗaya domin wani aiki takamaimai, kamar jera kalmomi ko zana harafi, sannan manhajoji masu yawa su riƙa ɗiba daga cikinsa. Mai amfani da waya ba ya ganinsa, ba ya ma sanin sunansa. Saboda wannan sifa ta ajiya da ɗiba muka ga ya dace mu kira shi rumbun manhaja.

Idan muka ce rumbu buɗaɗɗe ne, muna nufin rubutunsa na tushe yana fili, kuma lasisinsa ya yarda kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya raba. Wannan bai nuna cewa aikin ba ya cin kuɗi ba. Wanda ya ɗiba ne ba ya biya. Wanda ke gyara kuwa yana da iyali da haya kamar kowa.

Da “ƙungiya marar neman riba” muna nufin wadda doka ta hana ta raba riba ga masu ita, kuɗinta kuma yana fitowa daga gudummawa, ko kuɗin zama memba, ko tallafin wasu hukumomi. Abin da ake kira police de caractères mun kira shi zubin haruffa.

2. Abin da rumbunan ke yi wa Hausa

2.1. Lambar harafi

Kwamfuta ba ta san harafi ba sai lamba. Haruffan nan masu ƙugiya, waɗanda taron Bamako na 1966 ya tabbatar da su, suna da lambobinsu a tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990:

(2) ɓ U+0253, Ɓ U+0181
ɗ U+0257, Ɗ U+018A
ƙ U+0199, Ƙ U+0198
ƴ U+01B4, Ƴ U+01B3

A lura cewa ƙaramin ɓ da ƙaramin ɗ suna cikin rukunin haruffan kimiyyar furuci ne, manyansu kuma suna wani rukuni dabam. Ke nan babu wani lissafi mai sauƙi da zai kai mu daga ɗ zuwa Ɗ; sai an duba jadawali. Wannan jadawali a cikin rumbu yake, kuma duk lokacin da waya ta mayar da “ɗan” zuwa “Ɗan” a farkon jimla, daga can ta ɗebo.

2.2. Zanen harafi

Samun lamba bai wadatar ba, sai zubin haruffa ya ƙunshi hoton harafin, in ba haka ba a ga ɗan akwati fanko a gurbinsa. Ga mai nazarin harshe matsalar ta fi haka, domin muna nuna tsawon wasali da karin sauti a lokaci guda. Wasalin ā̀, mai tsawo da karin ƙasa, ba shi da lamba ɗaya tilo. Haɗa shi ake yi da harafi da alamomin da ake ɗorawa a kansa. Haka ma r̃ da wasu ƙamusoshi ke bambanta ra-gare da ita. Rumbun da ke lissafin inda kowace alama za ta zauna a wayoyin Android, da Firefox, da Chrome, da LibreOffice, sunansa HarfBuzz, wani kuma mai suna FreeType yana cikin masu mayar da zanen ɗigo-ɗigo a fuskar na'ura.

2.3. Jeri da bincike

Idan aka bar kwamfuta ta jera kalmomi bisa girman lambobinsu kawai, za a samu (3a). Jerin da ɗalibin Hausa ya sani shi ne (3b).

(3) a. baki, kaza, shanu, suna, zuma, ƙasa, ɓera
b. baki, ɓera, kaza, ƙasa, suna, shanu, zuma

A (3a) haruffa masu ƙugiya sun koma bayan z, har ƙ ta riga ɓ, sannan an ɗauki sh a matsayin s da h. Ƙa'idar da ke gyara wannan tana cikin wata taska mai suna CLDR, rumbun da ke zartar da ita kuma shi ne ICU. A wannan taska ne ake samun sunayen watanni da ranaku, da yadda ake rubuta kwanan wata da kuɗi a harsuna da yawa.

Ga mutumin Dantchiao akwai ƙarin matsala. Dokar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tsayar da ƴ, a Nijeriya kuwa 'y ake rubutawa, kuma ita wannan waƙafin sama tana da lambobi aƙalla uku da ake bugawa a madadin juna (U+0027, U+2019, U+02BC). Kalmar “ƴaƴa” tana iya zuwa da kamanni huɗu ke nan a wurin na'ura. Wanda ya nemi ɗaya ba zai ga sauran ba, sai in an sanar da rumbun cewa duka abu ɗaya ne. CLDR ta keɓe wa Hausar Nijar gurbi mai suna ha-NE, kuma tana da ƙa'idar juya 'y zuwa ƴ. Wani ne ya zauna ya rubuta wannan ƙa'ida, wani kuma zai ci gaba da kula da ita.

2.4. Ajami

Ajaminmu yana bin salon Warshu, inda fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo ɗaya a sama. Sai a fitowar Unicode ta 9, a 2016, aka ba waɗannan haruffa na Afirka lambobinsu na kansu, kuma fitowa ta 13, a 2020, ta ƙaro wasu haruffan da ajamin Hausa da na Wolof ke buƙata. Wato shekara kusan 30 bayan boko ya samu gurbinsa, ana kan cike na ajami.

3. Wa ke biya?

3.1. Ƙungiyar Unicode

An yi wa wannan ƙungiya rajista a Kalifoniya ta Amurka a 1991, kuma ba ta neman riba. CLDR tana hannunta tun 2004. ICU kuwa kamfanin IBM ne ya buɗe shi ga jama'a a 1999, ya koma ƙarƙashin ƙungiyar a 2016. Babbar hanyar samun kuɗinta ita ce kuɗin shekara na membobi, waɗanda manyansu kamfanoni ne irin su Apple, Google da Microsoft. Akwai kuma gudummawar da ba ta kuɗi ba ce, wato ma'aikatan da kamfanonin ke bari su yi wa ƙungiyar aiki a cikin lokacin da ake biyansu albashi.

A ƙarshen 2015 ƙungiyar ta fito da wani shiri na “riƙon harafi”, inda mutum zai biya dalar Amurka 100, ko 1000, ko 5000, a rubuta sunansa kusa da harafin da ya zaɓa. Da kuɗin ake ba da ƙananan tallafi domin harsunan da aka bari a baya. Shirin ya taimaka, amma ya kuma nuna mana wani abu: aikin manyan kasuwanni yana da kuɗin shekara tabbatacce, na ƙananan harsuna kuwa yana jiran abin da masu alheri suka jefa.

3.2. SIL

Ƙungiyar SIL, wadda aka kafa a 1934, mai alaƙa ce da aikin fassarar littattafan addinin Kirista, kuma da gudummawar masu goyon bayan wannan aiki take tafiya. Ita ta fito da lasisin buɗaɗɗen zubin haruffa a 2005, ta sabunta shi a 2007, kuma a yau dubban zubi a duniya suna ƙarƙashinsa. Daga cikin nata akwai Charis, Doulos da Gentium da muke buga misalan furuci da su, da Andika da aka zana musamman domin masu koyon karatu. Ga ajami tana da Harmattan, sai Alkalami wanda aka zana bisa rubutun hannu na Kano da kudancin Nijar. A 2015 ta sayi Keyman, manhajar da ke ba mutum damar tsara madannai na harshensa, daga baya ta mayar da ita kyauta kuma buɗaɗɗiya.

Ba mu kawo asalin ƙungiyar don suka ba. Mun kawo shi ne don a ga cewa kowane mai tallafi yana da dalilinsa, kuma harshen da ya dogara da dalilin wani, ranar da dalilin ya canza zai ji a jikinsa. Abin da ke rage wannan haɗari shi ne lasisin: ko da ƙungiyar ta daina, zubin yana nan, kuma kowa na iya ci gaba daga inda ta tsaya, in akwai mai iyawa.

3.3. Jami'a da ƙungiyoyin inuwa

A sashen kimiyyar harshe na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Deborah Anderson ta kafa wani shiri a 2002 domin taimaka wa al'ummomi su shigar da rubutunsu cikin Unicode. Da hannunsa N'Ko ya shiga a 2006, Adlam na Fulfulde kuma a 2016. Shirin ya rayu da tallafin hukumar Amurka mai kula da ilimin ɗan Adam da kuma gudummawa. Abin lura a gare mu shi ne, sashe ne irin namu.

Akwai kuma ƙungiyoyin da aikinsu shi ne zama inuwa. NumFOCUS, wadda aka kafa a 2012, tana karɓar gudummawa a madadin rumbunan lissafi irin su NumPy da pandas, ta riƙe musu asusu da takardun doka, ta kuma raba ƙananan tallafi a cikin shekara. Ɗalibin da ke ƙirga kalmomi a matanin Hausa da Python yana cin moriyarta ko bai sani ba.

4. Inda tsarin yake da rauni

Duk wanda ya zauna a karkarar Magariya ya san labarin famfon gari. Samun wanda zai haƙa ya fi sauƙi a kan samun wanda zai sayi ƙaramin ƙarfen da ya lalace bayan shekara uku, shi ya sa ake kafa kwamitin ruwa mai tara kuɗi kaɗan-kaɗan. Haka rumbun manhaja yake. Masu ba da tallafi sun fi son sabon aiki mai ranar buɗewa. Gyara kuwa ba ya ƙarewa, ba shi kuma da biki. Ga misalai uku.

A watan Afrilu 2014 aka gano wata ɓaraka a rumbun OpenSSL, wanda ke tsare sirrin babban kaso na sadarwar intanet. Sai a lokacin duniya ta ji cewa gudummawar da ke shigo masa ba ta wuce dalar Amurka 2000 a shekara ba, kimanin miliyan ɗaya na sefa a canjin wancan lokaci, kuma mutum ɗaya ne kawai ke aikinsa cikakken lokaci. Gidauniyar Linux ta kafa asusu, manyan kamfanoni suka yi alkawarin dala 100,000 kowannensu a shekara har shekara uku. Sai da bango ya tsage aka nemo magina.

A 2015 Mozilla ta buɗe shirin tallafa wa buɗaɗɗun manhajoji da dala miliyan ɗaya. Bayan ta rage ma'aikata a 2020, aka dakatar da shirin. Tallafin shekara yana iya tsayawa a shekarar da mai bayarwa ya shiga matsi.

A watan Maris 2024 aka gano cewa wani ya shafe kusan shekara biyu yana neman amincewar mai kula da rumbun xz, wanda ke aikin shi kaɗai ba tare da albashi ba, har ya samu damar cusa ƙofar ɓoye a ciki. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura kafin abin ya bazu.

Idan rumbunan da bankunan duniya suka dogara da su suna iya zama a hannun mutum ɗaya, to ƙa'idar jera ƙ da ɗ ba za ta samu mai tsaro ba sai in masu harshen sun sa kansu.

5. Darasi daga gida

Mun riga mun ɗanɗana abin da rashin wannan kula ke haifarwa. A shekarun 1990, kafin Unicode ya yaɗu, kowace cibiya takan gyara wani zubi ta ɗora haruffa masu ƙugiya a gurbin waɗanda Hausa ba ta amfani da su. A jami'o'in Nijeriya an saba sa ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v. A takarda komai daidai ne, amma abin da ke ajiye a fayil shi ne (4):

(4) qasa, xaya, varawo

Duk wanda ba shi da wancan zubi, haka zai gani, kuma neman “ƙasa” a cikin matanin ba zai fito da komai ba. A Nijar ma an yi irin wannan dabara da zubi iri-iri. Ƙamusun Hausa da Faransanci na shirin Soutéba, wanda ya fito a 2008 da kalmomi sama da 7000, da takwarorinsa na Zarma, Kanuri da Tamajaq, sai da shirin DiLAF ya sake juya su zuwa Unicode da tsarin XML kafin a iya sa su a intanet. Aikin ya haɗa masana na Nijar da na Faransa, daga cikinsu Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot, da tallafin ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. An biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu ke nan. Kundayen digiri da tatsuniyoyi da aka buga a wancan zamani, waɗanda ba su samu irin wannan ceto ba, suna nan cikin tsofaffin faifai.

6. Shawarwari

Ba mu da ƙarfin ba da dala dubu ɗari, amma abin da rumbunan suke buƙata daga gare mu ba kuɗi ne kawai ba.

Na farko, sashe ya naɗa malami ɗaya da zai riƙa duba bayanan ha-NE a duk lokacin da CLDR ta buɗe ƙofar gyara, a kuma lissafa masa wannan a cikin aikinsa na shekara. Dokar 1999 ta lissafa tagwayen baƙaƙe irin su kw, ky, gw, gy, ƙw, ƙy da fy a cikin abacada. Ko ya kamata a jera su dabam a ƙamus, hukunci ne na masana harshe, ba na injiniya ba, kuma in ba mu faɗa ba wani zai yanke mana.

Na biyu, a sa ɗan layi a kasafin kuɗin kowace shekara domin juya tsofaffin fayiloli. Aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya yi, ya kuma samu abin rubuta kundi daga ciki.

Na uku, kada a karɓi kundi sai an buga shi da Unicode, kuma duk jerin kalmomi ko tsarin madannai da sashe ya samar a sake shi da buɗaɗɗen lasisi, don kada ya mutu da tafiyar wanda ya yi shi.

Na huɗu, gwaji ya fita daga Yamai da birnin Damagaram. Wayar malamin Dantchiao sau da yawa tsohuwa ce, na'urar mai buga masa takarda ma haka. Kuskuren da ya gani, in an rubuta shi dalla-dalla aka aika wa masu kula da rumbun, gudummawa ce da ba su da wata hanyar samunta.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa tsakanin yatsan malami da takardar da ke hannun ɗalibi akwai rumbuna da dama, kowanne da aikinsa: lamba, zane, jeri da bincike. Mun ga cewa mafi yawansu suna rayuwa ne da kuɗin shekara na ƙungiyoyin da ke nesa da mu, masu dalilansu na kansu, kuma wannan kuɗi yana iya raguwa ko ya tsaya. Buɗaɗɗen lasisi ya ba mu izinin gyara, amma bai ba mu mai gyara ba. Yanzu da Hausa ta hau matsayin harshen ƙasa, takardun da za a buga da ita za su ƙaru, daga takardar haihuwa zuwa jerin sunayen ɗalibai, kuma sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ zai buƙaci ya faɗa a gurbinsa. A maƙala ta gaba muna fatan kawo cikakken jadawalin bambancin da ke tsakanin abacadar 1999 da ƙa'idar jeri ta CLDR, domin a tattauna shi a taron sashe.